Yadda Ake Shirya Bayanin Harajin Kuɗin Shiga na Shekara, da Yadda Ake Miƙa Shi

Cike fom shi ne ƙaramin aiki a sha'anin haraji. Wanda ya tattara takardunsa, ya yi lissafinsa a gefe tun da wuri, a zama ɗaya zai gama. Wanda ya fara da buɗe fom kuwa, sai ya yi kwanaki yana buɗewa yana rufewa, daga ƙarshe ya zuba lambobin da ya kintata da ka. Ko a wace ƙasa kake, abu uku hukumar haraji ke son ji daga gare ka: nawa ka samu a shekarar, nawa doka ta ɗora maka a kan abin da ka samu, nawa kuma aka riga aka biya da sunanka. Idan na biyu ya fi na uku, kai za ka cika. Idan na uku ne ya fi, ita za ta mayar maka da rara. Duk sauran shafukan fom ɗin hanya ce ta isa ga waɗannan lambobi uku, kuma kowace lamba tana bukatar takardar da za ta tsaya mata.

Za mu kawo misalai daga ƙasashe daban-daban domin a ga inda aka yi tarayya da inda aka rabu. Amma adadin da zai yi aiki a kanka shi ne wanda hukumar ƙasarka ta wallafa, kuma na shekarar da kake bayani a kanta.

Mataki na farko: wace hukuma, wace shekara, wace rana

Yawancin ƙasashe da zama suke kama mutum, ba da fasfo ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kwana 183 a cikin shekara, sai dai ba shi kaɗai ake dubawa ba. Ana duba inda gidanka na dindindin yake, inda iyalinka suke, da inda aikinka yake. Mazauni galibi ana tambayarsa duk abin da ya samu, ko a gida ko a waje. Wanda ba mazauni ba, abin da ya samu a cikin ƙasar kawai ake tambayarsa. Amurka ta fita daban, domin tana bin 'yan ƙasarta da bayanin haraji ko a ina suke zaune. A wasu wuraren kuma hukumar ba ɗaya ba ce: a Amurka akwai ta tarayya, akwai ta yawancin jihohi, mazauna Kebek a Kanada bayani biyu suke miƙawa, a Najeriya kuwa hukumar harajin jihar da mutum yake zaune ce ke karɓar bayanin ɗaiɗaikun mutane.

Shekarar haraji ma ba lallai ta zama Janairu zuwa Disamba ba. A Birtaniya daga 6 ga Afrilu take farawa, ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. A Indiya 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, a Afirka ta Kudu 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, a Ostireliya 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Wanda ya haɗa kuɗin shiga na watannin da ba na shekarar ba, duk lissafinsa ya tashi a banza, ko da bai yi kuskure ɗaya a jimla ba.

Ranar ƙarshe ta miƙawa: 31 ga Maris a Najeriya, 15 ga Afrilu a Amurka, 30 ga Afrilu a Kanada da Gana, 30 ga Yuni a Kenya, 31 ga Janairu a Birtaniya ga mai miƙawa ta intanet, amma 31 ga Oktoban da ya gabace ta ga mai aikawa da takarda.

Kada ma'aikaci ya ɗauka cewa tunda ana cire masa haraji daga albashi shi ke nan. A Birtaniya yawancin masu albashi ɗaya ba sa miƙa komai, gaskiya ne, amma da zarar mutum ya samu fiye da fam 1,000 na ciniki daga sana'ar gefe, bayani ya hau kansa. A Amurka ribar dala 400 daga aikin kai ta isa. A Kenya duk wanda aka yi wa rajistar harajin kuɗin shiga sai ya miƙa bayani, ko da bai samu ko sisi ba a shekarar, sai ya miƙa na babu, in kuwa ya ƙi akwai tara.

Ka tabbatar kana da lambar haraji, kuma kana iya shiga shafin hukumar da kalmar sirrinka, makonni kafin wa'adi. Rajista takan ɗauki lokaci, wani lokaci ma ta gidan waya ake aiko lambar. Birtaniya ta ce wanda zai miƙa karon farko ya yi rajista kafin 5 ga Oktoba, wato kusan wata huɗu kafin wa'adin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: takardu

Ka buɗe jaka ɗaya, ta takarda ko ta kwamfuta, ka rubuta mata shekarar. Abin da za ka fara nema shi ne takardar ƙarshen shekara daga wurin aiki, wadda ke nuna jimlar albashi da jimlar harajin da aka cire. Sunanta W-2 a Amurka, kuma dole a ba ma'aikaci ita zuwa 31 ga Janairu; P60 a Birtaniya, zuwa 31 ga Mayu; T4 a Kanada; IRP5 a Afirka ta Kudu; P9 a Kenya. Idan ka canja wurin aiki a tsakiyar shekara, takarda biyu kake bukata, kuma ta tsohon wurin ce ake yawan mantawa da ita. Ka kwatanta ta da takardun albashinka na wata-wata. Idan jimlar ba ta zo ɗaya ba, ofishin albashi ne zai gyara ya fitar da sabuwa. Kada ka gyara da hannunka a cikin fom, domin hukuma tana riƙe da kwafin abin da wurin aikin ya aika mata, kuma da shi kwamfutarta za ta gwada naka.

Sai bayanan asusun banki na watanni goma sha biyu, kowane asusu, har da na waya da wanda ka daɗe ba ka taɓa ba. Sai takardun kuɗin ruwa da ribar hannun jari, yarjejeniyar haya idan kana da gidan haya, takardun saye da sayarwa na duk kadarar da ka rabu da ita, rasit-rasit na abin da ka kashe a sana'a, shaidar gudummawar fansho da inshora, shaidar duk harajin da wani ya cire kafin ya biya ka, da kwafin bayanin bara. Na baran nan yana da amfani fiye da yadda ake zato: a cikinsa za ka ga asarar da doka ta yarda a ɗauko zuwa bana, da sauran darajar kayan aiki, kuma a Amurka sai da wata lamba daga cikinsa ake tabbatar da kai ne kafin a karɓi na bana ta intanet.

Mataki na uku: fitar da ainihin kuɗin shiga

A nan ne ya kamata ka zauna sosai. Ka ɗauki bayanan bankin, ka bi duk kuɗin da ya shigo, layi-layi, kana sa wa kowanne alama: albashi, sana'a, haya, ribar jari, ko kuma abin da ba kuɗin shiga ba ne. Wannan rukuni na ƙarshe ya ƙunshi bashin da ka ci, bashin da aka biya ka, kuɗin da ka tura daga asusunka zuwa wani asusunka, da kuɗin wani da ya ratsa ta hannunka. Kowanne ka rubuta masa bayani a gefe, yanzu da kake tunawa. Idan bincike ya zo bayan shekara uku, duk kuɗin da ya shigo aka rasa bayaninsa, jami'i yana iya ɗaukarsa a matsayin samu, kuma kai ne za ka kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta abin da ya faɗo asusu maimakon abin da aka samu tun asali. A ce ka yi aikin kwangila na 100,000, mai aikin ya cire kashi 5 cikin 100 ya miƙa wa hukuma da sunanka, ya turo maka 95,000. Kuɗin shigarka 100,000 ne. Sauran 5,000 ɗin a gurbin harajin da aka riga aka biya za ka sa shi. Wanda ya rubuta 95,000 ya yi kuskure biyu a lokaci guda: ya rage samunsa, abin da kwamfutar hukuma za ta gano, sannan ya bar 5,000 ɗinsa a hannun gwamnati bai nema ba. Haka albashi yake. Jimlar kafin cire-cire ake rubutawa, tare da alawus da kuɗin ƙarin lokaci, kuma a ƙasashe da yawa har da darajar abin da wurin aiki ya ba ka ba da tsabar kuɗi ba, kamar gida ko mota.

Mai saye da sayarwa ba a kan ciniki ake ɗora masa haraji ba, a kan riba ne, kuma riba ba ta fita daidai sai an ƙirga kaya. Hanyar ita ce: kayan da ke hannu a farkon shekara, a haɗa da wanda aka saro a cikin shekara, a cire wanda ya rage a ƙarshenta. A ce an fara da kayan 20,000, an saro na 150,000, an rufe shekara da na 30,000. Kuɗin kayan da aka sayar 140,000 ke nan. Idan ciniki ya kai 200,000, ribar farko 60,000 ce, daga ita za a cire kuɗin gudanarwa. Wanda bai ƙirga kayan ƙarshen shekara ba zai cire 170,000 gaba ɗaya, ya nuna ribar 30,000, ya ɓoye rabin ribarsa ba tare da ya yi niyya ba. Kuma adadin da ka rufe bana da shi dole ya zama shi ne ka buɗe baɗi da shi.

Akwai kuma tambayar yaushe ake ƙirga kuɗi: ranar da ya shigo hannu, ko ranar da aka yi aikin aka rubuta takardar neman biya. Duka hanyoyin biyu suna nan a dokoki, kuma ƙananan masu sana'a galibi an yarda musu su bi ta farko, wadda ta fi sauƙi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bi wannan wajen samu, a bi waccan wajen kashewa, ko a riƙa sauyawa kowace shekara gwargwadon wadda ta fi daɗi.

Kadara, fili ce ko gida ko hannun jari, ribarta ita ce kuɗin sayarwa, a cire kuɗin saye, a cire abin da aka kashe wajen saye da sayarwa da ingantawa. Takardar sayen nan, ko ta shekara ashirin ce, ita ke raba ka da biyan haraji a kan uwar kuɗinka.

Kuɗin da ya zo daga waje a juya shi zuwa kuɗin ƙasa da farashin canjin da hukuma ta amince da shi, a kuma ajiye shaidar farashin. Idan an riga an cire masa haraji a can, ka duba ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashen, ko kuma damar a rage maka abin da ka biya a waje. Ɓoye asusun waje kuwa ya daina zama dabara. Tun da ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, OECD, ta fitar da tsarin musayar bayanan asusu a 2014, ƙasashe da yankuna fiye da 100 suna aika wa juna bayanan masu ajiya kowace shekara.

Mataki na huɗu: abin da ake cirewa

Ƙa'idar kuɗin sana'a kusan ɗaya ce ko'ina: abin da aka kashe domin samo wannan kuɗin shiga, kuma dominsa kaɗai. Hayar wurin aiki, albashin ma'aikata, gyaran kayan aiki, talla, sufurin kaya, kuɗin akanta, duk suna shiga. Abin da ba ya shiga, wanda kuma ake yawan cusawa: kuɗin da mai sana'a ya ɗiba don gidansa, tarar da aka ci shi, da uwar bashin da ya biya. A bashi, abin da aka ɗora a kai ne kawai kuɗin sana'a, uwar kuɗin ba kashewa ba ce. Zirga-zirgar yau da kullum daga gida zuwa wurin aiki ma a dokoki da yawa ba a cire ta.

Abin da ake amfani da shi a gida da sana'a, kamar mota ko waya ko ɗaki, raba shi ake yi, kuma rabon yana bukatar hujja. Motar da ta yi tafiyar kilomita 12,000 a shekara, 3,000 daga ciki na sana'a, kashi ɗaya cikin huɗu na mai da gyaranta ne ake cirewa. Hujjar ita ce ɗan littafin da ake rubuta rana da wuri da nisa. A ganinmu wannan littafi ya fi tarin rasit ɗin mai daraja, domin rasit yana nuna an sayi mai ne kawai, ba ya nuna inda aka je da shi.

Kayan da ke daɗewa, kamar inji ko kwamfuta ko motar aiki, galibi ba a cire kuɗinsu duka a shekarar saye. Ana rarraba shi a kan shekaru bisa kason da doka ta tsara, ko da yake wasu ƙasashe sun yarda a cire gaba ɗaya har zuwa wani adadi. Ka duba jadawalin hukuma, kada ka ƙirƙiri naka kason.

Bayan haka sai sassaucin da doka ta ba mutum a kan kansa: wani adadi na farko da ba a taɓawa, gudummawar fansho, wasu nau'o'in inshora, kyauta ga ƙungiyoyin agaji masu rajista, wani wurin har da hayar gida ko kula da yara. A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Wani sassaucin daga kuɗin shiga ake rage shi kafin a yi lissafi, wani kuma daga harajin kansa ake rage shi bayan an gama. Ragin 1,000 daga kuɗin shiga, ga wanda ke biyan kashi 20, ya rage masa 200 ne kawai. Ragin 1,000 daga haraji kuwa 1,000 ne cif. Saka ɗaya a gurbin ɗaya yana canja sakamako ninki biyar. Saboda haka kuma babu hikima a kashe kuɗin da ba a bukata don kawai a rage haraji: ka fitar da 1,000 don a bar maka 200.

Mataki na biyar: lissafi da hannu kafin a taɓa fom

Harajin kuɗin shiga a yawancin ƙasashe hawa-hawa ne, kamar matakala, kuma kowane kaso a kan kuɗin da ke cikin hawansa kawai yake aiki. Mu ɗauki na Ingila, inda fam 12,570 na farko ba haraji, daga nan zuwa 50,270 kashi 20, abin da ya haura kuma kashi 40 har zuwa 125,140.

Mutum yana da albashin fam 45,000. Yana kuma da sana'ar gefe da ta yi cinikin 18,000, ya kashe 6,000, riba 12,000. Jimla 57,000. Hawan farko babu komai. Hawa na biyu, 37,700 a kashi 20, ya ba da 7,540. Abin da ya haura 50,270 shi ne 6,730, a kashi 40 ya ba da 2,692. Harajin shekara 10,232 ke nan. Wurin aikinsa ya riga ya cire 6,486 a kan albashin. Saura 3,746 zai cika.

Ka lura da abu biyu. Shigarsa hawan kashi 40 bai mayar da duk samunsa kashi 40 ba. Gaba ɗaya bai kai kashi 18 cikin 100 ya biya ba. Masu gudun ƙarin albashi don tsoron sabon hawa, a tsari irin wannan, kansu suke cuta. Na biyu, ribar gefen a saman albashi ta hau, shi ya sa fiye da rabinta ya faɗa kashi 40. Wanda ya lissafa sana'arsa ita kaɗai, kamar ba shi da albashi, zai ga ribar 12,000 ba ta kai 12,570 ba, ya ɗauka ba a binsa komai. Irin wannan ne ke faruwa da mai aiki wuri biyu: idan kowane wuri ya ba shi sassaucin farko, ko ya lissafa shi daga hawan ƙasa, sai ƙarshen shekara ya tarar da gibi.

Amfanin wannan lissafi na hannu shi ne ka san abin da kake jira. Idan kwamfuta ta fitar da adadin da ya yi nesa da naka, ka san akwai gurbin da aka cike ba daidai ba, ka koma ka nemo shi kafin ka aika.

Mataki na shida: cikewa da miƙawa

Inda akwai damar intanet, a bi ta. Tana yin jimla da kanta, tana ƙin karɓar gurbin da aka bari fanko, kuma tana ba da shaida nan take. Ka shiga ta adireshin hukuma da ka rubuta da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a saƙo.

Hukumomi da yawa yanzu suna cike wasu gurabun da kansu daga bayanan wuraren aiki da bankuna. Ka gwada kowanne da takardarka. Abin da suka sani kawai suke sawa, abin da ba su sani ba, kamar kuɗin haya ko cinikin hannu, yana nan a wuyanka. Ka zaɓi shekarar da ta dace da nau'in fom ɗin da ya dace, domin na mai albashi zalla daban yake da na mai sana'a. Suna da lambar haraji su zo daidai da yadda suke a rajista, harafi da harafi. Lambar asusun da za a mayar maka da rara ka karanta ta sau biyu. Ka adana abin da ka cike, ka bar shi ya kwana, washegari ka sake bi da takardunka a gefe. Lambobin da aka juya, 5,400 a maimakon 4,500, da sifirin da ya ƙaru ko ya ɓace, da safe ake ganinsu.

Danna maɓallin aikawa ba ya nufin an karɓa. Sai ka ga lambar shaida ko saƙon karɓa, ka sauke shi, ka ajiye tare da kwafin bayanin. A Indiya bayan an aika sai an tabbatar da shi cikin kwana 30, in ba haka ba ana iya ɗaukarsa kamar ba a miƙa ba. Mai aikawa da takarda ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya aika ta hanyar da ke ba da shaidar ranar aikawa, ko ya kai da kansa a buga masa hatimi a kwafinsa. Kada a jira daren ƙarshe, lokacin ne shafukan hukuma ke cunkushewa.

Idan lamarinka ya haɗa da ƙasa biyu, ko sayar da babbar kadara, ko gado, ko shekarun baya da ba ka miƙa ba, ka nemi akanta ko mashawarcin haraji mai rajista. Amma alhakin abin da ke cikin bayanin yana kanka, kai da ka sa hannu. Kada ka sa hannu a fom fanko, kada ka yarda a tura rararka asusun wani, ka kuma yi nesa da duk wanda ya yi maka alƙawarin adadin da za a mayar maka tun bai ga takardunka ba.

Mataki na bakwai: biya

Miƙa bayani wajibi ne daban, biya ma wajibi ne daban, kowanne da tararsa. Wanda ba shi da kuɗin biya ya miƙa bayaninsa a kan lokaci duk da haka. A Amurka tarar rashin miƙawa kashi 5 cikin 100 ce na harajin da ake bi, kowane wata, har ta kai kashi 25, alhali ta rashin biya rabin kashi ɗaya ce a wata. Ninki goma ke nan. A Birtaniya jinkirin kwana ɗaya fam 100 ne, ko da ba a bin ka haraji, bayan wata uku kuma fam 10 kullum har kwana 90. Hukumomi da yawa suna yarda a biya kaɗan-kaɗan idan mutum ya nema da kansa kafin a neme shi.

Ƙarin lokaci ma yana ruɗin mutane. Fom 4868 na Amurka yana ɗage miƙawa zuwa 15 ga Oktoba, amma biya yana nan a 15 ga Afrilu. A Kanada mai sana'ar kansa yana da har 15 ga Yuni ya miƙa, kuɗin kuwa 30 ga Afrilu ake son su.

Mai sana'a ya shirya wa biyan gaba. Mutumin misalinmu na Ingila ba fam 3,746 kawai zai biya a Janairu ba. Za a nemi ya ƙara rabin wannan adadi, 1,873, a matsayin kafin alƙalami na shekara mai zuwa, sannan wani 1,873 a 31 ga Yuli. Wato 5,619 a tashin farko. A Amurka sau huɗu ake irin wannan biya, a Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu. Maganinsa shi ne asusu na daban da ake zuba wani kaso na kowane ciniki tun ranar da ya shigo. Wajen biya kuma a sa lambar haraji da shekarar daidai, domin kuɗin da aka tura da lambar da ba ita ba yana iya zama a wani wuri yayin da tara ke taruwa a kanka.

Bayan an miƙa

Idan ka gano kuskure, ka gyara da kanka ta hanyar bayanin gyara, kada ka sake aika sabo kamar na farko bai wanzu ba. Birtaniya ta ba da wata 12 daga wa'adin miƙawa, a Amurka kuwa da fom 1040-X ake yi, kuma mai neman a mayar masa da kuɗi galibi shekara uku yake da ita. Wanda ya kai kansa yakan samu sauƙin tara fiye da wanda aka kamo.

Takardu a ajiye su aƙalla shekara uku a Amurka, shida a Kanada, biyar bayan wa'adin Janairu ga mai sana'a a Birtaniya. Takardun kadara kuwa har sai an sayar da ita, sannan a fara ƙirga shekarun. Rasit ɗin da ƙananan injuna ke bugawa rubutunsa gogewa yake yi da zafi da haske, saboda haka a ɗauki hotonsa tun yana sabo.

Saƙon waya ko imel da ke cewa ka danna nan a mayar maka da kuɗi, ko ka biya yau ko a kama ka, aikin 'yan damfara ne. Ka shiga shafin hukuma da kanka ka duba. Wasiƙar gaske kuwa kada a ajiye ta a rufe. Yawancinsu tambaya ce a kan gurbi ɗaya da bai dace da bayanan hukuma ba. Ka duba shekarar da ake magana a kanta da ranar da aka ba ka, ka amsa abin da aka tambaya a rubuce, ka haɗa da kwafin takardu, na asali su zauna a wurinka. Idan ba ka yarda da adadin da aka yanke maka ba, akwai hanyar ƙorafi, sai dai wa'adinta gajere ne: a Birtaniya galibi kwana 30 ne daga ranar da ke jikin wasiƙar, a Amurka kwana 90 ne na kai ƙara kotun haraji bayan sanarwar gibi.